Kofi Shida a Kan Tebur: Sana'ata ta Ɗanɗanon Wuskin Ailan da na Sikotland

Ɗakin da nake aiki a cikinsa a birnin Glasgow ba ya ɗaukar fiye da mutum goma sha biyu, kuma duk yammacin da muke da baƙi, kafin kowa ya iso, nakan jera kofi shida a gaban kowace kujera, in zuba wa kowane kofi mililita 15, in rufe bakinsa da ɗan murfin gilashi, sannan in sanya kwalaben a cikin baƙaƙen jakunkuna domin kada ido ya riga hanci yanke hukunci. Mutane suna biyan kuɗin kujera, su zauna awa biyu, su sansana, su ɗanɗana, su yi gardama, daga ƙarshe in buɗe kwalaben su ga abin da suka sha. Mu uku ne a harkar: ni, da uwargidana wadda take riƙe da lissafi da rajistar baƙi, da wani ɗalibi da yake taimaka mana da wanke-wanke a ƙarshen mako.

Ni Kirista ne ɗan Filato, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta Hausa addininsu ya haramta musu barasa. Bayanin aikin da nake ci da shi kawai nake yi, ba gayyata ba. Asalina ma ya taimake ni a sana'ar ta hanyar da ban yi tsammani ba. Ranar da na fara shiga matatar Springbank a garin Campbeltown, na ga an shimfiɗa jiƙaƙƙen sha'ir a daɓe ana juya shi domin kada saiwarsa ta sarƙe, sai ƙanshin ya mayar da ni tsakar gidan kakata, inda ake jiƙa dawa, a lulluɓe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa burukutu. Farkon aikin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne burukutu yana tsayawa da zarar ya tashi, shi kuwa wuski sai an zuba wannan ruwan, mai ƙarfin barasa wajen kashi 8 cikin ɗari, a manyan tukwanen jan ƙarfe, a dafa, a kama tururin ya koma ruwa, a sake dafawa, har ya fito fari tas da ƙarfin da ya kai wajen kashi 70. Launin da ake gani a kwalba daga baya yake zuwa, daga gangar katakon da zai kwanta a ciki.

Kusan duk baƙon da ya shigo yana ɗauke da wata magana da ya haddace, wai wuskin Ailan sau uku ake tace shi saboda haka yana da laushi, na Sikotland kuwa sau biyu ne kuma ƙaurin hayaƙi yake yi. Maganar tana da ɗan kamshin gaskiya, amma rabin aikina shi ne in bar hancin mutum ya warware ta da kansa, kuma dalilin da ya sa nake jera kofunan bibbiyu ke nan.

Kofi na farko Bushmills ne ɗan shekara 10, daga gundumar Antrim a Ailan ta Arewa, na biyu kuma Auchentoshan ne, wanda matatarsa take nan kusa da mu a gefen Clydebank. Dukansu da zallan tsiron sha'ir aka yi su, dukansu sau uku aka tace su, kuma babu hayaƙi a ko ɗaya. Idan na ce a ɗaga hannu a nuna wanda ya fito daga Ailan, ɗakin yakan rabu, kuma waɗanda suka fi cika baki su ne sukan fi ruɗewa. Na Bushmills yakan zo da ƙanshin zuma da tuffa, na Auchentoshan da ɓawon lemo da ɗan zaƙi mai sauƙi, kuma tacewa ta uku ce take ba su wannan rashin nauyi, domin a Auchentoshan ruwan yana fitowa daga tukunyar ƙarshe da ƙarfin da ya haura kashi 80, ya bar yawancin maiƙonsa a baya.

A kofi na uku ne nake daɗewa, domin a nan ne ainihin abin da Ailan take da shi wanda Sikotland ba ta da shi. Redbreast ne ɗan shekara 12, daga matatar Midleton a gundumar Cork, kuma irin wuskin da ake haɗa tsiron sha'ir da ɗanyen sha'ir wanda bai yi tsiro ba a tukunya ɗaya ne. Ƙa'idar Ailan ta ce kowannensu kada ya gaza kashi 30 na hatsin, sauran hatsi irin su alkama kuma kada su wuce kashi 5. Asalin abin dabarar guje wa haraji ce: a 1785 aka ɗora haraji a kan tsiron sha'ir a Ailan, sai masu matatu suka riƙa cika tukunya da ɗanyen hatsin da harajin bai shafa ba, kuma da harajin ya gushe mutane sun riga sun saba da ɗanɗanon. Ɗanyen sha'ir yana ba wuski kauri a baki, wani maiƙo-maiƙo kamar an ɗiga man shanu, sai kuma yaji a bayan harshe mai kama da citta da masoro. Nakan ce wa baƙi su manta da hanci na ɗan lokaci, su riƙe kurɓin a baki su lura da nauyinsa kawai. Wanda ya gane wannan nauyin sau ɗaya, da wuya ya sake ɗaukar Redbreast a matsayin ɗan Sikotland. Dokar Sikotland ta 2009 ba ta yarda a rubuta single malt a jikin kwalba ba sai idan zallan tsiron sha'ir ne, daga matata guda, a tukwanen jan ƙarfe, an ajiye shi a gangar itacen ok a cikin ƙasar aƙalla shekara 3, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 ba. Saboda haka ko da wani a yankin Speyside na Sikotland ya kwaikwayi haɗin Midleton, ba zai sami wannan suna ba.

Abokin tafiyar Redbreast, kofi na huɗu, Glenfarclas ne ɗan shekara 15 daga Speyside, kuma na haɗa su ne domin dukansu sun sha daga gangunan da giyar sheri ta Sifaniya ta taɓa kwanciya a ciki. Masu sana'ar sun yarda cewa babban kaso na ɗanɗanon wuski daga ganga yake fitowa, kuma ƙasashen biyu daga wuri ɗaya suke sayen gangunansu. Dokar Amurka ta tilasta wa masu yin wuskin bobon amfani da sabuwar ganga da aka babbake cikinta, don haka da zarar sun juye ta sai su sayar, kuma waɗannan gangunan masu cin wajen lita 200 su ne suka cika rumbunan Ailan da Sikotland, suna ba da ƙanshin kwakwa da zaƙi irin na alewa. Gangar sheri kuwa, wadda babbarta take cin wajen lita 500, tana ba da dabino da busasshen inabi da kanumfari. Idan baƙo ya ce kofi na uku da na huɗu 'yan uwa ne, bai yi kuskure ba, sai dai zumuncin nasu ta wajen katako ne ba ta wajen hatsi ba. Nakan kuma ja kunnensu game da launi, domin doka a ƙasashen biyu ta yarda a ƙara ɗan ƙonannen sukari don daidaita kala, saboda haka duhun wuski ba shaidar tsufansa ba ne. Lambar shekarun da ke jikin kwalba ita ce abin dogaro, kuma tana nufin shekarun mafi ƙanƙanta a cikin gangunan da aka haɗa.

Hayaƙi sai a ƙarshe, kuma da wahala na koyi hakan. A watannin farko na sana'ar, da nake ganin na iya, na sanya Laphroaig, wuski mai tsananin hayaƙi, a matsayin kofi na uku domin in burge wasu baƙi da suka zo bikin abokinsu. Ya burge su kuwa, amma daga nan duk abin da suka kai baki ƙauri suke ji. Wata dattijuwa ta ɗaga kofin Redbreast, wanda ko kusa da hayaƙi bai taɓa zuwa ba, ta ce mini cikin ladabi tana jin kamar an soya shi a murhu. Kwalabe uku masu tsada suka tafi a banza a daren nan, kuma na mayar musu da rabin kuɗinsu ba tare da sun nema ba.

Ƙaurin yana fitowa ne daga wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta taru a fadamu shekaru dubbai, wadda suke kira pit. Ana yanka ta kamar tubali, a shanya, a ƙona ta a ƙarƙashin danshin tsiron sha'ir yayin busar da shi, hayaƙin ya kama hatsin. Tsibirin Islay na Sikotland, wanda ake furta sunansa Aila, shi ne ya yi suna da wannan, inda matatun Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg suke jere a gaɓar kudu, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Amma kofi na biyar da nake bayarwa Connemara ne, wanda ake yi a matatar Cooley a gundumar Louth, ɗan Ailan ne mai hayaƙi kuma sau biyu aka tace shi, wato ya karya haddar baƙi ta fuska biyu a lokaci guda. Hayaƙinsa mai taushi ne, da zaƙi a ƙarƙashinsa. Na Laphroaig ɗan shekara 10, kofi na shida, ba ya sallama kafin ya shigo: aidin, da gishirin teku, da ƙanshin ɗakin shan magani, da wani abu da ni dai bandar kifi yake tuna mini. Rabin ɗakin yakan yamutse fuska, sauran rabin su nemi ƙari. A nan nake gaya musu cewa a kan wannan tsibirin na Islay akwai matatar Bunnahabhain da yawancin wuskinta ba shi da hayaƙi, kuma galibin abin da Speyside take fitarwa haka yake.

Tambayar da ba ta taɓa tsallake wani dare ba ita ce me ya sa Sikotland ta fi suna, alhali a ƙarni na 19 Dublin, babban birnin Ailan, ce take kan gaba. Amsar tana da abin mamaki, domin ɗan Ailan ne, Aeneas Coffey, ya yi rajistar injin tacewa mai aiki ba tsayawa a 1830, manyan gidajen Dublin suka raina shi, 'yan Sikotland suka karɓa suka riƙa gauraya wuskinsa mai araha da na tukunya suna sayar wa duniya. Haramcin barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933, da rikicin ciniki tsakanin Ailan da Birtaniya a shekarun 1930, suka ƙarasa abin da ya rage, har ya zama a ƙarshen shekarun 1970 matatu biyu kacal suke aiki a dukan tsibirin Ailan, Midleton da Bushmills. Cooley ta zo a 1987, Teeling ta buɗe a Dublin a 2015, yanzu kuma sun kai gommai. Shi kansa John Jameson, wanda sunansa yake kan kwalbar Ailan da ta fi kowace yawo, ɗan Sikotland ne daga garin Alloa, abin da baƙina 'yan Glasgow ba sa gajiya da ji.

Ribar sana'ar tana cikin ƙananan abubuwa. Kwalba mai santilita 70 tana ba ni zubi 46, wato ba ta cika dare huɗu ba idan kujeru sun cika, kuma idan ta yi ƙasa ta daɗe a buɗe iska takan rage mata ƙanshi, don haka nake juye ragowar a ƙananan kwalabe maimakon in bar ta a kan kanta. Kofunan Glencairn nake amfani da su, masu faɗin ciki da tsukakken baki, kuma ba a wanke su da sabulu mai ƙanshi. A takardar da muke aika wa baƙi akwai roƙon kada su fesa turare mai ƙarfi, domin mutum ɗaya yana iya ɓata wa tebur duka. Ruwa kuwa da ɗigo ake ƙara shi, bayan an sansana an kurɓa tukuna. Masu haɗa wuski a manyan gidaje sukan tsarma shi har ya sauko wajen kashi 20 kafin su kai hanci, domin zafin barasa yana toshe ƙanshi.

Akwai kuma nauyin doka. Ina riƙe da lasisin sayar da barasa na kaina, duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai shekara 25 ba sai ya nuna shaidar cewa ya kai 18, kuma tun Disambar 2014 da Sikotland ta rage iyakar barasar da aka yarda wa direba zuwa miligiram 50 a cikin mililita 100 na jini, ba na barin mai tuƙi ya kurɓa ko kofi ɗaya. Shi sai dai ya sansana tare da kowa, in juye masa rabonsa a ƙananan kwalabe shida masu lamba ya tafi da su gida. Ni kaina a bakin aiki hanci nake amfani da shi, abin da na kai baki kuma ina tofar da shi, in ba haka ba sana'ar ce za ta cinye mai ita.

Idan baƙi sun watse nakan ajiye jeri ɗaya na kofunan da aka shanye, in mayar musu da murafensu, in bar su har safiya. Barasar takan tashi ta bar abin da ya fi nauyi, kuma da wannan nake gwada sabuwar kwalba kafin in saka ta a jerin mako mai zuwa. Kofin Auchentoshan yakan wayi gari kusan babu komai a cikinsa sai ɗan zaƙin katako, na Redbreast da na Glenfarclas suna riƙe da dabinonsu, na Laphroaig kuwa sai an wanke shi sau biyu da ruwan zafi, a kife shi shi kaɗai a gefe, kafin ya koma cikin 'yan uwansa.