Kwafi Na Bakwai Cikin Talatin

Takarda ce ta kai ni Jos a ƙarshen watan Disamba. Ɗiyar ƙanwata, wadda ta karanta zane-zane a Zariya ta koma gida, ta bugo mini waya ta ce, "Kawu, littafi nake yi, kwafi talatin kacal, kuma takardata ta lalace." Shekara 22 na yi a maɗaba'a a Kano, tun daga yankan takarda har na hau kan inji, ban taɓa ganin wanda ya tashi buga littafi ya ce guda 30 yake so ba. A wurinmu duk wanda ya kawo aikin da bai kai 1,000 ba, shawara muke ba shi ya ƙara, tunda kuɗin faleti, wato farantin da inji ke ɗaukar rubutun daga kansa, ɗaya ne ko 100 za a buga ko 5,000. Na saya mata takardar, mai kauri, launinta kamar madara, da niyyar in ba direba saƙo. Da dare ya yi sai na fasa. Ina so in ga littafin nan da idona.

Muka tashi daga Unguwa Uku bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari. Direba ya ce in sa kayana a but, na leƙa na ga jarkar manja da buhun albasa, na ce a'a, a cinyata za su zauna. Takarda ba ta yafe maiƙo. Haka na rungume ta muka wuce Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit sai ƙarar inji. A Saminaka aka tsaya muka sha shayi. Daga Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara fitowa, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su, sanyi kuma ya shigo ta ƙasan ƙofa. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma ƙafata ta shaida haka tun kafin mu ga tulin kabeji da karas na Farin Gada.

Bayan gaishe-gaishe da cin abinci, yarinyar ta ja ni ɗakin da take aiki a bayan gida. Igiyoyi ne ta ɗaura daga bango zuwa bango, ta shanya takardu da abin maƙale wanki. Kowace takarda hoton kududdufi ɗaya, cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Guda 12 ta zaɓa. Tana sassaƙa hoton a kan roba da 'yar wuƙa, ta shafa tawada, ta ɗora takarda, ta murza bayanta da cokali har hoton ya kama. Jan da ke gefen kowane ruwa kuwa ba na kanti ba ne. Ƙasar bakin kududdufin ta ɗebo, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ƙaro. Hoto 12 sau 30, wato sau 360 ke nan za ta murza cokalin nan, ban da waɗanda za su ɓaci.

Na daɗe a tsaye. Mahaifinmu kuza ce ta kawo shi ƙasar nan yana saurayi, a shekarun yaƙin Hitila, lokacin da Turawa suka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas tun daga 1942. Ya koma Kano daga baya, amma har ya rasu bai daina maganar sanyin da ya kashe abokan aikinsa ba. Jikarsa ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da uwarta ta gaya mata shi ne ta rubuta, layi biyu ko uku a bayan kowane hoto.

Rubutun a wani shago aka buga mata da injin Riso, irin wanda makarantu ke buga takardun jarrabawa da shi. A nan aka yi ɓarnar: yaron shagon ya ga gefen takardun ba daidai ba, ya kai su ƙarƙashin wuƙar yanka ya daidaita, ya tafi da rabin jar ƙasar. Alheri ya yi nufi, na sani, domin ni ma abin da aka koya mini ke nan.

Na ce, "To 'yar nan, wannan littafi ne ko hotuna?" Ta ce, "Kawu, akwai littafin da ake bugawa a kan aikin mai zane, akwai kuma wanda shi kansa littafin ne aikin. Nawa na biyun ne. Kaurin takardar, da yadda za a buɗe, da abin da ido zai fara gani, duk cikin zanen suke." Ta ba ni misali da wani Ba'amurke, Ed Ruscha, wanda ya ɗauki hotunan gidajen mai 26 da ke kan hanyar Los Anjalis zuwa Oklahoma, ya buga da kansa kwafi 400 a 1963, ya sa wa kowanne lamba. Ta ce ko a nan gida, ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari da ke Ibadan ta buga ƙaramin littafin zanen Uche Okeke a 1961, kuma Bruce Onobrakpeya ya daɗe yana fitar da ayyukansa da kansa. Su biyun duk a Zariya suka yi karatu.

Inda muka saɓa shi ne ɗauri. Ita gam take so a sa a gindin, kamar littafin kanti. Na ce takarda mai wannan kauri ba ta zama da gam. Hunturu ɗaya zai busar da shi, a buɗe sau goma shafuka su fara zubowa. Ɗinki kuma zai huda hoton. Muka kwana ba mu daidaita ba.

Washegari muka tafi gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. Yawancin baƙi kawunan yumɓu na Nok ke kai su, ko tukwane, ko kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a filin gine-ginen gargajiya. Duk mun gani, amma ni rubuce-rubucen hannu na Larabci da gidan ke ajiye da su nake so ta duba. Ta sha zuwa wurin, ba ta taɓa tsayawa a kansu ba.

Littafin malaman ƙasar nan ba a ɗinke shi, ba a sa masa gam. Warƙa-warƙa yake, a haɗa a sa tsakanin tadarishi, wato bangon fata, a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Dalili kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a zaure: malami zai iya ba almajirai biyar warƙa biyar a lokaci guda. Don kada jerin ya rikice, marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Baƙar tawada ga harafi, ja ga wasali, rawaya ga hamza, ga zayyana a gefe inda hizbi ya cika. Takardar da yawa daga Italiya ta zo ta hanyar Sahara, in ka ɗaga ta a haske sai ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. A ƙarshe marubuci yakan rubuta cewa littafi ya kammala da godiyar Allah, wani ya sa sunansa da na mai littafin, ya roƙi addu'a. Na ce mata, "Lambar nan da sa hannun da kike cewa za ki yi a shafin ƙarshe, ga kakanninsu." Ko da injin bugu ya zo, ba a bar wannan ba: rubutun hannun irin su Sharu Bala na Gabari aka ɗauka aka buga, ana sayarwa a kasuwa warƙa-warƙa har gobe.

Ba ta ce komai ba sai da muka fito. Sannan ta ce, "Kawu, kenan mutum zai iya shimfiɗa duka kududdufan goma sha biyu a tabarma ya gan su tare." Ni ban ma hango wannan ba.

Daga nan muka nufi wajen wani dattijo badukku a kusa da babban masallacin Juma'a. Ya juya takardar, ya auna ta da taƙi, ya ce, "Malam, tadarishi talatin a wannan zamani? Wace makaranta ce?" Da aka yi masa bayani ya yi murmushi, ya jawo jar fatar akuya wadda aka rina da karan dafi, ya ce wa yarinyar, "Jikata, shinshina ki ji." Sati uku ya yanka mana. Ta ce ko za a samu a biyu, ya ce, "Sauri ya haifi nawa." Ya dai yarda ya yi guda ɗaya a ranar don mu ga samfur, muka zauna a benci muna kallo yana fere gefen fatar har ta yi laushi kamar ƙyalle.

A nan zaune na tambaye ta wa zai saya. Ta ce mutum 11 sun riga sun kama ta Instagram, kusan duka daga Legas da ƙasashen waje. Uku kuma za ta kai Laburaren Ƙasa, kamar yadda doka ta ɗora wa duk mai buga littafi na kansa. Maganar ta tsaya mini a rai. Hannu muna da shi: marubuta, dukawa, masu inji. Ajiya ce ba mu yi. Littattafan da marubutan Kano suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu tun daga shekarun 1980, da yawa ta hannuna suka bi, da bangonsu mai zanen hannu. Bara na nemi guda biyar da na tuna, ɗaya kawai na samu, shi ma gara ta ci rabi. Ragowar da ba a sayar ba masu ƙosai da masu tsire muka auna wa a kilo. Ban ajiye ko ɗaya ba, kuma abin yana damuna.

Don haka na ce kwafin da ya shiga tadarishin farko nawa ne. Ta haɗa warƙoƙi daga waɗanda suka tsira, ta rubuta 7/30 da fensir a ƙasa, ta sa hannu. Ta rantse ba za ta karɓi kuɗin kawunta ba, na ce to ni ma ba zan ɗauka ba. Uwarta ce ta raba gardamar, ta karɓa ta ƙirga a gabanmu. Na yi wa yarinyar wasiyya da ta gaya wa duk mai saye kada ya sa a leda, kada ya ajiye a ƙasa ko jikin bango, kuma ya riƙa fito da shi yana shan iska bayan damina.

A hanyar dawowa, bayan mun sauko daga Jengre, wani dattijo da ke kusa da ni ya ga jar fatar a cinyata, ya gyara zama ya janye ƙafarsa, ya ce, "Malam, Alƙur'ani ne?" Na ce a'a, na kwance igiyar na miƙa masa warƙa ɗaya. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya duba hoton, ya juya ya sa na karanta masa layukan da ke baya, sannan ya ce shi ma babansa a Barikin Ladi ya yi aikin kuza, kuma can aka binne shi. Ya tambaya ko akwai na Barikin Ladi a ciki. Na nemo masa. Yana riƙe da ita da hannu biyu har muka shiga Falgore.