Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bayan Ƙofar Gilashi

"Daji ba ya son ƙarfe." Haka Kawu ya ce ranar da aka cire wa Inna mama saboda ciwon daji, haka ya maimaita a zaure daren da zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana 10 bayan an sa mata ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, karo na uku. Likita ya riga ya ja mana kunne cewa maganin yana cinye fararen ƙwayoyin jini masu tsare jiki, idan zafin jikinta ya kai 38 kada mu tsaya neman farasitamol a kemis, mu taho ko da tsakar dare ne. Ni kuwa na tsaya. Kunyar Kawu ta sa na bari gari ya waye. Ban taɓa faɗa wa Yaya wannan ba, sai dai ta karanta a nan.

Kafin mu bar Gumel Inna ta fara kirana da sunan marigayi Baba. A Kano aka ce ƙwayar cuta ta shiga jini, jinin ya yi ƙasa, huhu ya gaza. Aka tura ta ɗakin kulawa ta musamman aka rufe ƙofa.

Ta gilashi na gan ta. Roba a baki har cikin maƙogwaro, inji yana hura mata numfashi, an ba ta maganin barci don kada ta fizge, ga wani ɗan abu maƙale a yatsa yana ƙirga iskar da ke jininta. Wata likita, yarinya ce ma, ta ce min: "Malam, nan ba ma maganin daji. Riƙe ta muke yi har allurar kashe ƙwayoyin cuta ta ci." Maganar ta zauna min.

Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Ranar Alhamis ƙanena ya kai sanmu na huɗa kasuwar Maigatari, mai saye ya ce sai dai tiransifa, kuɗin suka kwana biyu a hanya. A barandar asibiti nake kwana a kan kwali. Wanda ya fi kowa shanu a danginmu ko sisi bai aiko ba, ba sai na kama suna ba.

Rana ta uku ya zo. Ya leƙa sau ɗaya ya ce a zare mata ƙarafan nan a kai ta gida ta cika a ɗakinta, ta samu mai laƙƙana mata kalmar shahada. Nan kam ya same ni, don ni ma abin da ke hana ni barci ke nan. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba zan sa hannu ba." Tun da nake ban taɓa musa masa ba. Ko a bikin autarmu watan jiya da yatsu biyu ya karɓi gaisuwata.

Rana ta shida aka zare robar. Muryar ta dishe, sai da na kai kunne bakinta. Tambaya take wa ke ba akuyoyinta dusa.

Damina biyu ta ƙara gani, ta yi wa jikarta wankan jego tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno. A ɗakinta ta cika, Yaya na riƙe da kanta. Ranar sadakar uku ina raba gumba na ji Kawu a kan tabarma yana gaya wa liman cewa shi dai tun farko ya faɗa, daji ba ya son ƙarfe.