Sayis ta Dawakin Kudu da ƙanina

Jiya muna hira da ƙanina kan makarantun sayis (sakandaren kimiyya) na Kano, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe tun 1977, sai na tuna shekarar da ya ci jarabawar shiga. A tsohuwar makarantarsu shi ke zuwa na ɗaya ko bai buɗe littafi ba, amma da ya je Dawakin Kudu wallahi sai ya tarar kowa ma na ɗaya ne a garinsu, zangon farko da ƙyar ya shiga cikin ashirin, ya dawo hutu duk ya rame. Mutane na cewa ai dama masu ƙwaƙwalwa aka tace, to hakane, amma ni dai a can na fara ganin yaron nan yana tashi karatun asuba.