Godiya bayan walimar yaye ni a Ikeja

Alhamdulillahi. Ranar Asabar aka yaye ni daga koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, bayan shekara uku. Ina godiya ga duk wanda ya tako ya zo, musamman 'yan'uwa na Agege da Mile 12 da suka sha cunkoso a hanya, da Inna da ta sa mini albarka ta waya tun daga gida. Allah ya bar zumunci.

Maigida, ranka ya daɗe, taka godiyar daban ce.

Ban manta ranar da aka kawo wata waya da hotonta ya daina juyawa in an kwantar da ita ba. Ni har na ɗauko sukudireba zan canja sikirin. Ka riƙe hannuna, ka sa fanel ɗin, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar, a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ka nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ka ce wannan sensa ce ke jin motsi. A cikinta akwai ɗan nauyin silikon da ke lilo a kan ɗan sifirin (spring) da ido ba ya gani, da haƙora kamar na matsefi. Da waya ta karkata sai nauyin ya gusa, tazarar haƙoran ta sauya, wayar ta gane.

A nan na fara jin sunan Benedetto Vigna daga bakinka, ɗan Italiyan da ya karanta fiziks a Jami'ar Pisa, ya shiga kamfanin STMicroelectronics a 1995. A lokacin a mota aka fi sanin irin wannan na'ura, ita ke buɗe jakar iska in an yi karo. Shi da abokan aikinsa suka ƙanƙanta ta, suka sauko da kuɗinta, har ta shiga wasan Nintendo Wii a 2006 da iPhone a 2007. A 2021 kamfanin motoci na Ferrari ya ɗauke shi shugaba.

Wallahi tun ranar ban sake buɗe waya da gaggawa ba. Da canjin kaya kawai ka koya mini, da na ci abinci, amma ka zauna ka fahimtar da ni, alhali kwastomomi na jira.

Madubin da ka ba ni kyauta yana kan teburina. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya raya maka zuri'a, ya ƙara buɗi. Litinin in sha Allahu zan buɗe shago, ina roƙon addu'arku.