Hannun da muka sa kafin mu ga kuɗin

Mu a Maryland muke zaune, an kusa shekara ashirin. Da babbar 'yata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare sai ta kafe ita fa Jami'ar Virginia take so, ta Charlottesville, kuma ta hanyar da suke ce wa ED, wato ka nemi gurbi da wuri ka sa hannu cewa in sun ɗauke ka to zuwa ya zama dole, sauran makarantun da ka nema duk ka janye. A 2019 suka dawo da tsarin, yanzu ana rufewa 1 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba.

Hujjarta dai ba a raina ta ba. Tace Umma kusan kashi biyu cikin uku na gurbin 'yan Virginia ake ba wa tunda jami'ar gwamnatin jiha ce, mu 'yan waje ragowar muke wawaso da yaran duk Amurka har da na ƙasashen waje, gara in nuna musu su na zaɓa tun farko. Takardar alkawarin mutum uku ke sa mata hannu, ita, da ɗaya cikin iyaye, da mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Ni na sa, kuma wallahi ranar farin cikinta kawai nake kallo ban zauna na yi lissafi ba.

To nan ne gizo ke saƙa. Ɗan wata jiha kuɗin karatunsa kusan ninki uku ne na ɗan gida, ya haura dala dubu 50 a shekara, ba ɗaki ba abinci. Eh suna taimakawa gwargwadon buƙata in yaro ɗan ƙasa ne ko mai girin kati, wato takardar zaman dindindin, mun cike fom ɗin neman taimakon, FAFSA da CSS Profile, amma taimakon akwai bashi a ciki, kuma buƙata a lissafinsu daban take da buƙata a gidan da ake tura wa 'yan uwa kuɗi duk wata, ga na asibitin Hajiya ga na makarantar 'ya'yan ƙanne, ni dai ban ga layin rubuta wannan a fom ba. Akwai kalkuleta a shafin kowace jami'a da ke ƙiyasta abin da za ka biya, mu sai bayan mun tura muka taɓa ta.

Ta samu, alhamdulillahi, mun yi kuka mun yi sujada. Amma ta nemi Jami'ar Maryland ma ta College Park inda mu ne 'yan gida, su nasu tsarin nema da wuri ba ya ɗaure kowa, sai dai amsarsu sai wajen ƙarshen Janairu, dole ta janye bamu taɓa ganin me za su ba ta ba. Abin da ya fi tsaya min kenan, da bamu ɗaure kanmu ba muna da har 1 ga Mayu mu jera takardu mu kwatanta. Ana iya neman a sake ka in taimakon ya gaza da gaske, mun tattauna da babanta dare biyu, ƙarshe ya ƙara awannin aiki muka tsaya kan alkawari.

Yanzu ƙaninta ya fara zancen Jami'ar Michigan, su ma sun shigo da ED a 2025. Nace masa ya ɗauko takardun harajinmu na bara mu zauna gaban kalkuletar da babansa tukuna, adadin da ya fito mu rubuta shi kusa da na College Park.