TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Motar da take duƙawa in an taka birki

Assalamu alaikum jama'a. Wancan makon mun tsaya a inda maigidana ya fara barina in duba mota ni kaɗai, to yau ga aikin farko da ya hana ni barci.

Wani dattijo ne ya kawo motarsa yace min "ɗana, da na taka birki sai gabanta ya duƙa kamar za ta ci ƙasa, da dare ma fitilar sai ta koma haska gindin bamba." Na danna gefen gaba da iya ƙarfina na saki, sai da ta yi lilo sau 3 kafin ta tsaya, alhali mai lafiya sau ɗaya take tasowa ta nutsu. Na leƙa bayan taya, shokozoban hagu, wato abin da ke hana mota lilo, ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta manne masa ta yi baƙi ƙirin, tayar ma in ka shafa ta duk tudu da kwari. Muka canza shokozoba biyun gaba tare don ba a canza ɗaya a bar ɗaya, aka yi alaimen, wato daidaita tayoyi, ya tafi.

Kwana 4 sai ga shi ya dawo, lilon ya tafi amma duƙawar tana nan. Wallahi raina ya ɓaci sosai, bawan Allah ya kashe kuɗinsa a kan maganata kuma da iyalinsa yake hawa motar nan.

Maigida bai min faɗa ba, tambayata kawai ya yi, "kai yaro, me ke ɗauke da nauyin mota?" Nace shokozoba Oga. Ya girgiza kai yace sifirin ne, ƙarfen nan mai murɗe da ke lotsawa ya dawo, shi shokozoba saurin duƙawar kawai yake ragewa, kuma duk motar da aka taka wa birki dole nauyinta ya taho gaba shi ya sa birkin gaba ya fi na baya shan aiki, ɗan duƙawa kaɗan ba ciwo ba ne, wadda ta wuce kima ita ce abin dubawa. Ya miƙo min tef yace auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi. Na auna, hagu ya zauna ƙasa da dama da kusan yatsa biyu. Ashe tsofaffin sifirin da suka gaji na mayar a kan sababbin shokozoba.

Bai tsaya nan ba, ya sa na ɗaga bayan motar da jak, ya shiga ya taka birki yace juya tayar. Da hannuna na juya ta! Da muka buɗe, lainin birkin, wato abin da ke gogawa ya tsayar da taya, ya cinye, abin da ke matso shi kuma ya yi tsatsa ya daskare, wato gaba ne kaɗai ke tsayar da motar duk tsawon lokacin nan.

Muka sa sababbin sifirin, shi da kansa ya riƙe abin matse su don sifirin in ya kuɓuce yana iya kashe mutum, muka gyara birkin baya, bushin ɗin ƙasa guda, wato robar da ke mahaɗar ƙarfen da ke riƙe taya, da ya tsage shi ma muka canza, kuma sai da motar ta sauka kan tayoyinta sannan ya bari na ɗaure notinsa, yace in ka ɗaure tana rataye robar murɗewa za ta yi ta sake yagewa.

Da dattijon ya gwada, ya taka birki da ƙarfi motar ta tsaya daram, ya leƙo ta taga yace "Allah ya yi maka albarka ɗana."

Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin ranar da maigida ya damƙa min makullin gareji.