'Ya'yan karyata sun ci jarrabawa a Jamus, amma wa zan gaya wa?

A wurin masu kiwon karen makiyayi a Jamus, wato irin karen da ake kira German Shepherd, ba kyan gashi ko girman jiki ne ke ɗaga darajar karya ba. Abin da za a tambaye ka shi ne, me 'ya'yanta suka yi? Kowane kare mai rajista yana da takardar asali, da sunan uwa da uba da kakanni, kuma a gefen kowane suna an rubuta jarrabawar da ya ci. Ƙungiyar masu kiwon wannan irin kare, SV, wadda Max von Stephanitz ya kafa a 1899, mai hedkwata a Augsburg, ita ke riƙe da wannan littafi tun daga kare na farko da aka rubuta, Horand von Grafrath.

Al'adarsu ce duk kwikwiyon da aka haifa a ciki ɗaya sunansa ya fara da harafi ɗaya. Haihuwar karyata ta faɗo a kan D, don haka yau a Jamus akwai Duna da Dogo da Damisa, kowanne a hannun Bajamushen da ya saye shi. Duna ya ci jarrabawar BH, Dogo ya ci IGP1, Damisa kuma ta haye IGP2 da maki masu kyau. In ka ji alƙalin gasa ya ɗaga murya yana kiran "Damisa" a filin da babu mai jin Hausa sai kai, wallahi sai ka rasa ko dariya za ka yi ko ƙwalla. Na tura hoton takardar sakamakon zauren WhatsApp na gidanmu. Yaya ne kaɗai ya amsa, da kalma uku: "Allah ya shirya." Tun ranar abin yake cina, shi ya sa nake so in faɗi abin da waɗannan haruffa suka ƙunsa.

BH, jarrabawar karen rakiya, ita ce ƙofa. Sai kare ya cika wata 15, kuma mai shi ma, in karonsa na farko ne, sai ya rubuta jarrabawar sanin kare a takarda. Za a duba lambar da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, a gwada biyayyarsa a fili, sannan a fita da shi titi: mai keke ya gifta, mai gudun motsa jiki ya wuce ta gefensa, a ɗaure shi a tafi a bar shi, wani ya ratsa da nasa karen. In ya zabura zai kai cizo, ya faɗi. Mutanenmu da ke zaton ana koya wa waɗannan karnuka mugunta ne, su sani mugun kare ko matsoraci tun a nan ake tace shi.

Daga nan sai IGP, jarrabawar karen aiki, wadda kafin 2019 ake kira IPO. Mataki uku ne, kuma mafi ƙarancin shekaru wata 18 a na ɗaya, 19 a na biyu, 20 a na uku. Kowane mataki kashi uku ne, bin sawu da biyayya da tsaro, kowanne maki 100. Dole ka samu 70 a kowane kashi. Ko ka ci 98 a biyu, in na ukun ya tsaya a 69, ka tafi gida hannu rabbana.

Bin sawu shi ne ya fi cin rai, shi ne kuma babu mai kallo. A IGP3 wani baƙo ne zai taka gona taku 600, ya yi kwana huɗu, ya yar da ƙananan abubuwa uku irin guntun fata ko katako, a bar sawun ya yi awa guda. Sannan ka zo da karenka a igiya mai mita 10, ka ce "Such", wato nemo, ka bi bayansa bakinka alaikum. Ana so hancinsa ya nutse a ƙasa taku bayan taku, kamar mai tsintar gero a masussuka, ba gaggawa. In ya iske abin da aka yar sai ya kwanta, abin yana tsakanin ƙafafunsa na gaba, ya jira ka ɗaga wa alƙali.

Ana fara koyar da wannan tun kwikwiyo yana wata biyu zuwa uku. Ka tattake ciyawa faɗin taku ɗaya a murabba'i, ka watsa abinci a ciki kawai, har ya gane cewa inda ƙasa ta murƙushe nan abinci yake. Sai ka miƙe layi, guntun abinci a cikin kowane sawu, a hankali kana ragewa. Jamusawa tsiran alade suke yankawa. Cuku ko busasshiyar hantar kaza suna yin aikin daidai. Da asuba ake fita, da raɓa, kare bai ci komai ba, kuma sai ka nemi izinin mai gona. Inda aka fi yin ɓarna shi ne gaggawar cire abincin: kare ya fara ɗaga kai yana shaƙar iska, ya zarce kwana, ya dawo yana kewaye, maki na zuba. Na biyu kuma mai karen ne da kansa, wanda ya san inda kwanar take sai hannunsa ya ɗan ja igiya ba da saninsa ba. Karen ya koyi bin hannu ya bar bin hanci, ranar gasa kuma hannun bai san hanya ba.

A kashin biyayya kare yana tafe a hagunka ba igiya, kafaɗarsa daidai gwiwarka, idonsa a fuskarka, ku ratsa cikin mutane, a harba bindiga sau biyu kada ya ko girgiza. Zai zauna ko ya kwanta kana cikin tafiya ba ka waiwaya ba. Zai ɗauko katako, gram 650 a matakin farko, kilo 2 a na uku, ya tsallake shinge mai tsayin mita 1. In ya tauna katakon, ko ya zauna a karkace, ko kai ka ɗan sunkuyar da kafaɗa don taimaka masa, alƙali ya gani. Kuma ba a son karen da ke biyayya kunne a kwance, jela a matse. Dokar ƙasar ma ta hana abin wuya mai lantarki, ta kuma hana mai ƙayoyi tun 2022. Da ƙwallo da abinci da haƙuri ake yi.

Kashin tsaro shi ne wanda ake gani a bidiyo a ce kai, wannan ai zaki ne. Kare zai zaga maɓoya, har shida a IGP3, ya iske mutum sanye da hannun kariya mai kauri, ya tsaya gabansa yana haushi ba tare da ya taɓa shi ba. Sai mutumin ya gudu ko ya kawo hari ne zai kama, kuma da cikakken baki, ba da tsinin haƙora ba. Amma duk wannan ba shi ne gwajin ba. Gwajin kalma ɗaya ce, "Aus". Kana nesa, jininsa ya hau, ka ce ya saki, ya saki nan take. In aka kai umarni na uku bai saki ba, an kore shi daga gasar gaba ɗaya. A nan ake gane abin da kare ya gado. Horo yana gyara abubuwa da yawa, amma natsuwar kai a tsakiyar faɗa daga uwa da uba take zuwa, shi ya sa idan 'ya'ya uku na ciki ɗaya suka nuna ta a hannun mutane daban-daban, masu kiwo sai su fara tambayar wace ce uwar.

Ko uwar ma ba haka kawai aka bar ta ta haihu ba. An ɗauki hoton ƙashin ƙugunta da gwiwoyin gaba bayan ta cika shekara, ta yi gudun kilomita 20 a gefen keke, ta ci nata IGP, sannan ta wuce tantancewar kiwo da suke kira Körung.

Abin da ya fi ba ni haushi da maganar Yaya shi ne, mu gidan farauta muka fito. Baffanmu da karnukansa yake shiga daji duk rani, kowanne da sunansa na habaici, fito ɗaya zai yi su dawo. Bai taɓa bari yaro ya jefi karensa ba, kuma kafin ya ci tuwo sai ya zuba musu nasu. A makarantar allo aka karantar da mu aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. Mazhabar Malikiyya da muke bi ma ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, duk da ana wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai. Yaya ya san duk wannan, ya fi ni karatu. Abin da ke damunsa shi ne a ce a gari ƙaninsa ya je Turai yana yawo da kare. Da a ce masinjan ofis nake, da ya fi masa daɗin faɗa a majalisa.

Inna kuwa ba ta taɓa cewa komai a kan karnukan ba. Tambayarta ɗaya ce duk Juma'a: ina samun tuwo, kuma akwai wanda nake magana da shi in na dawo daga aiki? Nakan ce mata akwai. A kulob ɗinmu na horar da karnuka ana zama bayan horo a sha kofi, mutanen kirki ne, sun san ba na shan giya, sun san lokacin azumi ba na cin kek ɗinsu. Amma hirar ba ta wuce kare. Babu wanda zai tambaye ka ya mutan gida, ya damina.

Kwanan baya wani ya gaya wa Yaya cewa kwikwiyo irin wannan ya haura Yuro 1,000. Sai ga saƙon murya, yana tambaya ko za a iya turo masa ɗaya ya riƙa gadin shago. Na ce masa gashin karen nan biyu ne, na sama da na ƙasa, zafin watan Afrilu na garinmu da kaska za su gama da shi, kuma in aka ɗaure shi a ƙofar shago ba aiki, cikin 'yan watanni zai lalace. Ya je wurin 'ya'yan Baffa su ba shi ɗan kwikwiyo na gida, ya yi masa allurar ciwon hauka, ni zan aiko da kuɗin.